Kalmar Sirrin da Kowa Ya Sani

Bara bayan girbi Yaya ya kai masara buhu biyar Funtua ya sayar, ya dawo Tsiga da wata 'yar na'urar intanet da ake kira MiFi. Ba ta fi sabulun wanka girma ba. Ya ce don shirin JAMB ya saye ta, amma mu ƙannensa ma mun samu rabo, domin da wayar Inna muke duba aikin gida.

Kuskurenmu na farko shi ne mun ba wani abokin wasanmu kalmar sirrin Wi-Fi. Cikin mako ɗaya dakalin ƙofar gidanmu ya cika da samari bayan sallar isha'i, kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Datar wata guda ta ƙare a kwana shida. Yaya ya sake sayen wata, sai kuma wata safiya na'urar ta ƙi karɓar wayarsa. Wani ya canza kalmar, ya kore mu daga kayanmu!

Muka kai wa malaminmu na kwamfuta. Ya ce, "Yara, kalmar sirri nawa kuka san tana da su?" Muka ce ɗaya. Ashe biyu ne. Akwai ta shiga Wi-Fi, akwai kuma ta shafin da ake sarrafa na'urar. Wannan ta biyun, tamu "admin" ce tun daga kamfani, kuma haka take a dubban irinta. Duk wanda ya hau Wi-Fi ɗinmu zai iya buɗe shafin ya yi yadda ya ga dama. Abin da ya fi tayar wa Yaya da hankali, shafin yana nuna saƙonnin da ke shigowa layin da ke ciki, kuma layin da banki ke turo masa saƙo ne ya saka.

Malam ya ce ba mu kaɗai ba ne. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa gwada sunaye da kalmomin sirri kusan 60 irin na kamfani, ta kame na'urori da kyamarori dubu ɗaruruwa. Ranar 21 ga Oktoba aka yi amfani da su aka kai harin da ya hana mutane da yawa a Amurka shiga Twitter da Netflix na sa'o'i. Wasu daga cikin na'urorin ma kalmar a jikin manhajarsu aka dasa ta, mai kaya ba shi da yadda zai canza ta. A ganinmu wannan laifin masu ƙerawa ne. Birtaniya ta kafa doka, daga 29 ga Afrilu 2024 an hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar kamfani mai sauƙin canka kamar "admin" ko "12345".

Tamu dai tana canzuwa, alhamdu lillahi. Malam ya zura allura a wani ɗan rami ya danna, na'urar ta koma yadda ta zo. Muka canza kalmomin biyu, dogaye, haruffa haɗe da lambobi, ba sunan Yaya ko lambar wayarsa a ciki. Yaya ya cire layin bankinsa ya saka wani.

Har yau ba wanda ya amsa laifin, ko da yake muna da wanda muke zargi. Takardar da muka rubuta kalmomin tana cikin kwallar Inna, dakali kuma ya koma na tsofaffi masu sauraron rediyo.