Tulin Itacen Hunturu

Duk wanda bai taɓa kwana a kan tudun Filato a watan Disamba ba, da wuya ya yarda cewa akwai yankin ƙasar nan da ake tanadin itace saboda jin ɗumi kamar yadda ake tanadin hatsi. Mu kuwa a can muka tashi, a wani ƙauye kusa da Bukuru, inda kakanninmu suka zo haƙar kuza har suka kafa gida. Ƙasar tana da tsayin da ya haura mita 1,200 daga doron teku, don haka idan hunturu ya kankama, ruwan randa ba ya taɓuwa da asuba, tsofaffi kuma ba sa runtsawa sai da wuta a ɗaki.

Aikin itace yakan fara ne da zarar ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba, kuma a wuyanmu yake, mu samarin gidan huɗu. Baba yana da doka guda wadda ba ya sassautawa: ba a ɗora gatari a kan atili ko ɗorawa ko mangwaro, domin bishiyar da ke ciyar da mutum ba a ƙona ta. Marke da ƙirya, waɗanda su ne sarakunan itacen wuta, a bakinsa muka fi jin labarinsu, don tun kafin mu yi wayo sun yi nisa da ƙauyenmu. Abin da ya rage mana shi ne bishiyar turare, wadda aka daddasa a kan tarin ƙasar da masu haƙar kuza suka bari. Mukan sayi biyu ko uku a tsaye daga mai gona, mu kayar, mu bar kututturen, kasancewar turare yakan sake tsirowa daga gindinsa.

Kayarwa ba ta da wuya, faskare ne aikin. Turare tun yana ɗanye ake faskara shi, in kuwa aka bar gungumen ya kwana biyu, sai gatari ya riƙa dawo wa mutum. Bayan faskare sai jeri a bayan ɗakin girki. Mukan shimfiɗa duwatsu tukuna saboda gara da danshin ƙasa, mu ɗora dogayen sanduna biyu, sannan mu jera itacen sahu-sahu, wannan a miƙe, na bisansa a gicciye, tare da barin tazarar da hannun yaro zai shiga domin iskar arewa maso gabas ta ratsa. Manya a ƙasa, ƙirare a sama inda Inna za ta kai hannu. Idan an yi mako shida ko bakwai, Baba yakan zaro guda biyu ya gwara su: busasshe yana ƙara tas, ɗanye kuwa sai ya yi wani sauti mai nauyi kamar an bugi buhu. Alal haƙiƙa, a lokacin gani muke yi duk wannan tsanani ne irin na tsofaffi.

A shekarar 1994, wadda Nijeriya ta ci kofin Afirka a Tunisiya ta kuma je gasar kofin duniya a Amurka, ƙwallo ta tafi da hankalinmu baki ɗaya. Baba ya yi doguwar tafiya fataucin dankali, ya bar mana kuɗin bishiyoyi da umarni. Muka yi ta cewa gobe, har Nuwamba ta kusa ƙarewa. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa a ranar muka fafe namu. Da labari ya zo cewa yana hanya, sai muka kayar da turare cikin gaggawa, muka daddatsa shi gungume-gungume ba faskare, muka cusa a tsakiya, muka lulluɓe da ragowar busasshen itacen bara. Tulin ya yi kyau a ido. Baba ya zaro biyu daga gefe ya gwara, suka yi ƙara tas, ya sa mana albarka. Babu ɗayanmu da ya ɗaga kai.

Asirinmu ya tonu a wani dare na watan Janairu, lokacin da busasshen ya ƙare. Kaka tana fama da tarin da ke taso mata duk hunturu, daren kuma ya zo da sanyin da har awaki suka yi shiru. Gungumen da aka sa mata a kasko ya yi ta tsiyayar ruwa yana huci, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, tari ya sarƙe ta har numfashinta yana neman ɗaukewa. Aka fito da ita tsakar gida cikin bargo, ga sanyi a waje, ga hayaƙi a ciki. Baba ya haska tulin da fitilar ƙwai, ya zaro gungume ɗaya, ya zaro na biyu, ya juyo ya dube mu. Da ma duka ya yi mana da ya fi sauƙi.

Inna ce ta shiga ɗakin girki ta mirgino turminta na ƙirya, wanda aka kawo ta da shi ranar aure. Ta ce, "Malam, fasa wannan, ya bushe." Baba ya ɗan tsaya, sannan ya ce, "Ku miƙo gatari." Ƙirya ta ci wuta ba hayaƙi, aka mayar da Kaka ɗaki, aka bar taga a ɗan buɗe, don Baba bai taɓa yarda a rufe ɗaki ruf da garwashi a ciki ba. Wutar ta kai ta har kiran assalatu.

Washegari muka rushe tulin, muka yi kwana huɗu muna kokawa da gungumen da ya riga ya taurare, tafukanmu duk kanta. Kaka ta ga wasu hunturu shida bayan wannan. Inna kuwa ba ta yi sabon turmi ba sai da kaka ta zagayo, kuma a tsawon watannin nan, duk ranar da za a yi daka, ɗaya daga cikinmu ake aikawa maƙwabta ya yi sallama ya aro.