Tsayuwar Ɗan Dambe da ta Mai Adaka

Ranar da na fara harba bindiga, a bayan garinmu cikin ƙasar 'Yankwashi, abin da na auna ko gezau bai yi ba, ni ne na faɗi. Na tsaya ƙafafu a haɗe kamar mai shirin kabbara, na ja kunama, adaka ta shure ni a kafaɗa, sai ga ni zaune daɓas cikin ƙaiƙayi. Kawuna, wanda ya yi dambe da ƙuruciya daga Karkarna har Kazaure da Roni, sa'an nan girma ya mai da shi mai tsaron garke, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Kai yaro, tashi ka yi mini tsayuwar dambe."

Na jefa ƙafar hagu gaba, ta dama baya, na ɗan rusuna, na miƙa hannun garkuwa, na ja na naɗi baya. Ya ɗora mini bindigar a haka, ya ce in ranƙwafo kaɗan. Da na sake harbawa, shurin ya bi ta ƙafar baya ya shige ƙasa.

Daga baya, a jami'a, na karanta cewa wani ɗan sandan Amurka, Jack Weaver, ya yi suna tun wajen 1959 da irin wannan tsayuwa ta karkace wajen harba ƙaramar bindiga. Amma 'yan sanda da yawa yanzu gaba da gaba suke tsayawa, domin rigar sulke ƙirji take karewa, wanda ya karkace kuwa ya ba da hammata. To, a nan suka rabu da ɗan dambe, shi da yake ɓoye ƙirji ya ba da gefe.

Kawu dai ba shi da sulke, kuma dalilinsa daban ne. Adaka sau ɗaya take magana, kafin ka ɗura albarushi an iso ka. Ba banza ba ake ce mata harba-ka-ruga. Watau ƙafar nan ta baya, ko dai ta gudu ce, ko ta naushi.

Wani dare da damina ɓarayin shanu suka zo. Kawu ya harba sama, ya riƙe bindigar kamar sanda, ya tsaya a karkace a ƙofar garke har motsinsu ya yi nisa. Ni kuwa da na haska tocila ƙasa, sai na ga ƙafafuna a haɗe, suna rawa.