Vespar Baba da ta yi shekara 15 a soro

Wannan makon ba labarin littafi muka zo da shi ba, labarin tsohon ƙarfe ne, kuma muna roƙon a yi haƙuri da ƙamshin baƙin mai.

A soron gidanmu da ke Birnin Kudu akwai wata Vespa, ko Besfa kamar yadda Inna take kiran ta, wadda tun muna firamare take jingine da bango. A kanta ake ɗora buhun ƙaiƙayi, a ƙarƙashinta kaji suke ƙwai. Mu biyu da muka rage a gidan ba mu taɓa ɗaukar ta a matsayin abin hawa ba. Sai a ranin 2024, da maganar gyara soron ta taso don a mai da shi shago, wani ɗan jari-bola ya leƙo, ya ƙwanƙwasa jikinta da ɗan yatsa, ya yi mata kuɗi kamar yadda ake yi wa tsohuwar tukunya. Inna ta ce a sallama. Ba mu ga laifinta ba, ita ta san abin da maganin Baba yake ci duk wata tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi.

Aka je aka gaya wa Baba. Bai ce a'a ba, bai ce to ba. Ya dai juya fuskarsa bango. Da daddare muka roƙi Inna ta ba mu wata ɗaya: in ta tashi, ta zauna, in ta ƙi, mu da kanmu za mu kira mai jari-bolar.

Baba ya saye ta ne a 1975, da kuɗin Udoji. Waɗanda suka girme mu sun san zancen, lokacin da gwamnatin Gowon ta ƙara wa ma'aikata albashi ta kuma biya su bashin watannin baya a dunƙule, kasuwa ta cika da rediyo da keke da babur. Shi a lokacin sabon malamin firamare ne, an tura shi ƙasar Gwaram, kuma duk yankin nan jihar Kano ne, tunda sai a 1991 aka yanke Jigawa. Da wannan Vespar ya yi shekaru yana zirga-zirga tsakanin Gwaram da gida duk ƙarshen mako. Da ita aka kai Inna asibiti a haihuwar babbar yayarmu. Ya ajiye ta a 2009, da ya gaji da neman kayan gyara ya koma Jincheng kamar kowa.

Samfurin da ake kira Super ce, mai ƙananan ƙafafu inci 8 da giya huɗu a hannun hagu. Kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙera Vespa a 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma injiniyan da ya zana ta, Corradino D'Ascanio, aikin jirgin sama ya sani. Ya rufe injin don kada mai ya ɓata wa mutum tufafi, ya cire sarƙa gaba ɗaya, ya bar fili a tsakiya yadda ba sai ka ɗaga ƙafa ka haura ba. Shi matan Italiya da masu kwat yake tunani, amma da ya zo Kano da ya ga ashe mai babbar riga ya yi wa aiki. Shi ya sa alƙalai da malamai da ma'aikatan En'e suka rungume ta. Sunan kuwa, a harshensu ma'anarsa zanzaro, saboda siririn ƙugu da ƙarar injin. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mun shiga aikin da girman kai, gara mu faɗa tun yanzu. Ɗayanmu yana da difloma daga kwalejin kimiyya da fasaha, ɗayan kuma ya yi watanni a garejin masu Boxer. Muka ce injin da bai da balbul, bai da batir, bai da sarƙa, me zai gagare mu?

Ranar farko muka taka kik, ya ƙi motsi kamar an kafe shi da siminti. Fistin ya manne da tsatsa. Muka kwance fulogi, muka ɗura man gas ta ramin, muka bar shi kwana huɗu, kullum da safe mu sa ta a giya mu ɗan jijjiga ƙafar baya gaba da baya. Ranar ta biyar ya saki. Da muka buɗe kan injin, zobban fistin sun maƙale a raminsu, ɗaya ya karye a hannunmu. Tankin da ke ƙarƙashin kujera kuwa, fetir ɗin 2009 ya zama wani jan danƙo mai wari. Muka zuba tsakuwa da kananzir muka yi ta girgizawa har kafaɗa ta gaji, muka wanke sau uku kafin ya fito fari.

Kayan gyara sai Kano. A nan muka koyi cewa in kana neman kayan tsohuwar Vespa, kayan Indiya za ka tambaya. Bajaj ya yi shekaru yana ƙera Vespa da lasisin Piaggio, daga baya ya ci gaba da tasa mai suna Chetak a kan kusan wannan zubin, don haka zobba da gasket da wayoyin kuloci da yawa suna shiga juna. Har Keke Napep da ya cika garuruwanmu dangi ne na nesa, domin asalinsa daga mai ƙafa uku na Piaggio ne. Tiyub ɗin ƙafafunmu ma wurin masu kayan keken muka samu.

Sai wuta. Muka jingina fulogi da jikin injin muka taka, shiru. Muka cire fankar da ke ɗauke da maganaɗisu, muka tarar da bakin kontak ya yi kore. Muka goge shi da takardar yashi mai laushi, muka daidaita tazarar wajen milimita 0.4, muka sauya kwandansa. Da muka sake takawa, wani ɗan shuɗin tartsatsi ya yi tsalle a bakin fulogin. Ihun da muka yi sai da Inna ta fito da ludayi a hannu.

Kafireta muka warware ta ɗaya bayan ɗaya a kan faranti, muka busa kowane jet har muka ga haske ta cikinsa. Muka haɗa mai yadda ya kamata, mililita 20 na man inji a kowace litar fetir, domin irin wannan injin ba shi da wurin ajiye baƙin mai na dabam, a cikin fetir ɗin yake samun abin da zai sa ƙarfe ya zame a kan ƙarfe. Wanda ya manta ya zuba zallan fetir, ba zai kai Babaldu ba fistin zai kama.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka fito da Baba ƙofar soro a kujerarsa. Taku na bakwai ta amsa. Ta yi tuf, tuf, tuf, kamar mai tari a cikin bargo, muka ɗan murɗa mata wuta, ta mutu.

Haka ta yi mana kwana goma sha ɗaya. Ta tashi, ta yi 'yan daƙiƙu, ta mutu, fulogi ya fito jiƙe baƙi ƙirin. Muka ce mai ya yi yawa, muka rage. Muka ce wuta ce ba ta zuwa a kan lokaci, muka sake cire fanka muka duba ɗan makullin da ke riƙe ta a kan sanda, lafiyarsa lau. Kafiretar nan sau huɗu muna kwance ta. Datar da muka ƙona muna kallon makanikan Indiya da Indonesiya a YouTube ta isa sayen taya. Fulogi uku muka saya, kowanne muna zargin na baya jabu ne.

Duk wannan abin Baba yana kallo. Maganarsa ba ta fita sosai tun ciwon, sai ka kasa kunne. Sau biyu ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce, "Ba ta numfashi." Muka ce, "To Baba," muka cire matatar iska muka wanke ta da fetir, muka mayar. Ya sake faɗa washegari. Muka kalli juna, a ranmu muna cewa tsufa ne da ciwo. Wannan kallon da muka yi wa juna shi ne abin da har yau yake damun mu a cikin labarin nan.

Saura kwana shida wa'adin Inna ya cika, wani abokin Baba da suka yi koyarwa tare ya zo dubiya, ya ce akwai wani dattijo a Sabuwar Gwaram da ya yi gyaran Vespa tun zamanin da take tashe, yanzu injin ban-ruwa da janareta yake gyarawa. Muka ɗora ta a bayan akori-kura, muka bi ta Sara, muna riƙe da ita kamar mara lafiya.

Mun same shi a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, tabarau ɗaure da zare. Muka fara zuba masa bayani da turancin makaranta. Bai tanka ba. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya shafa lambar KN da ke bayanta, ya tambayi ta wace ce. Da muka faɗa, ya ce, "Malam yana raye?" Muka ce yana raye. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Kai yaro, taka mini."

Ya tsuguna ya sa tafin hannunsa a bakin salansa. Aka taka sau uku. Ya miƙe ya ce, "'Ya'yana, wa ya ce muku ciwon a gaba yake?"

Ya kwance salansar ya ajiye gefe, ya ce a sake takawa. Taku ɗaya. Ƙarar da ta yi sai da awakin da ke wajen suka watse, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe mu. Ya kashe ta, ya ɗauki salansar ya buga da ƙasa. Busasshiyar laka ta zubo, guntu-guntu, da ƙananan ramuka a jiki. Zanzaro ne ya yi shekaru yana gini a cikin bututun, ɗaki a kan ɗaki, a bayan ginin kuma ga tsohon baƙin gawayin mai da ya riga ya rage hanyar tun kafin a ajiye ta.

Bayanin da ya yi mana a tsaye ya fi wanda muka haddace don jarrabawa. Ya ce babur irin Boxer yana da ƙofofi masu buɗewa da rufewa, fistin ya yi tafiya huɗu kafin wuta ta tashi sau ɗaya. Wannan kuwa duk hawa da sauka ɗaya wuta take tashi, kuma sabon mai da iska su ne suke tura tsohon hayaƙi waje ta wani rami a jikin silinda. In hayaƙin bai sami hanyar fita ba, sabon ba shi da wurin shiga. Sai ta shaƙe, fulogi ya jiƙe, kai kuma ka yi ta zagin kafireta. Muka ce ai Baba ya faɗa mana ba ta numfashi. Ya dube mu ta saman tabarau ya ce, "To numfashi shaƙa ce kawai? Ba a fitarwa?"

Ya sa yaransa suka hura wutar kara suka jefa salansar a ciki har gawayin ya ƙone, suka bubbuge ta ta huce. Tunda an zo, ya ce ba zai bar mu mu tafi da tsohuwar robar da ke tare iska a gefen fanka ba, domin ta bushe, kuma in tana shan iska ta nan injin zai riƙa tashi da kansa yana zafi har ya cinye fistin. Ya ciro wata daga cikin wani gwangwanin madara da ya ce ya fi shekara 20 yana ajiye da shi, ya gwada ta da yatsa ya ga da sauran laushi. Ya zubar da man giyar da muka sa, ya ce ya yi kauri. Kuɗin aikinsa bai kai na fulogai ukun da muka yi asara ba, kuma da ƙyar ya karɓa.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka dabarar tsimi muka gano. Tun da aka cire tallafin fetir a watan Mayun 2023 kowa lissafin lita yake yi, kuma Vespar nan ta fi Boxer shan mai, ga kuɗin man haɗi, ga hayaƙi. Hayaƙin ne ma ya sa Piaggio da kansa ya daina ƙera samfurin PX da dokokin hayaƙi suka tsananta a Turai. Abin da muka kashe ya ninka abin da mai jari-bola ya taya, kuma Inna ta lissafa mana shi har da kuɗin akori-kura. Ba ta yi ƙarya ba ko a sisi.

A kanta muka dawo, ɗaya yana tuƙi ɗaya a baya da jarkar mai a cinya. Hannun da ya saba da giyar ƙafa sai da ya sha wuya kafin ya iya matse kuloci da murɗa hannu a lokaci guda, ta mutu mana sau biyu kafin mu bar Gwaram. A Sara wani dattijo mai sayar da goro ya tsayar da mu don kawai ya zagaya ta ya gani. Mun shigo Birnin Kudu gab da magariba.

Inna ta ce tun muna kan kwana Baba ya ɗago kai, kafin ita ta ji komai. Da muka tsaya a ƙofar gida ya sa aka matso da kujerarsa, ya miƙa hannunsa mai lafiya ya sa a bakin salansa, ya bar shi a nan hayaƙin yana bugun tafinsa. Mun ba shi haƙuri a kan maganarsa da muka ƙi ji. Abin da ya ce kawai shi ne a rage mata mai kaɗan, tana yin sama da yawa. Muka rage.

Soron an mai da shi shago, Vespar ta koma cikin gida kusa da tagar ɗakin Baba. Saura matsala ɗaya: tana fitar da giya ta biyu da kanta in an hau tudu. Dattijon Gwaram ya ce wani ƙarfe ne mai siffar gicciye a cikin giyar ya cinye, kuma nasa na ƙarshe ya daɗe da ƙarewa. Mun duba Kano sau biyu ba mu dace ba. In akwai wanda ya san mai tsofaffin kayan Vespa ko Chetak a Zariya, Katsina ko Maraɗi, don Allah ya yi mana magana, samfurin Super ce mai giya huɗu.