Daga Dutse Uku Zuwa Hawan Kibo: Alhakin Wa?

Duk wanda ya kwana a Dutse Uku cikin watan Janairu ya san abin da ya sa ake kwatanta Jos da ƙasar Turai. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, da asuba kuwa hazo kan lulluɓe duwatsun unguwar har direba ya kasa hangen gabansa. Ruwa dai ba ya daskarewa bisa gada kamar a Ingila, amma da damina akan yi ƙanƙara, kwalta ta yi santsi, zaizaya ta cinye gefen titi.

To, in mota ta faɗa rami, wa za a tuhuma? Titunan unguwa na Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa ne ko na jiha. Hawan Kibo kuwa, inda manyan motoci suka sha kifewa a hanyar Akwanga, na Gwamnatin Tarayya ne, wadda ta kafa hukumar FERMA a 2002 domin gyaran irin waɗannan hanyoyi. Sai dai dokar kare ma'aikatan gwamnati ta 1916 wata uku kacal ta ba mai ƙara. Wanda ya karye yana kwance a asibiti, kafin ya miƙe ya nemi lauya, sau da yawa wa'adin ya wuce.