Ranar da Na Ji Gudun Jinin 'Yata

Ɗana na fari yana da shekara bakwai abin ya same shi. Ba zan ambaci sunansa ba, ko a gida ban saba ambata ba. Da sanyin hunturun 2010 ne, da sassafe, na dama koko na zuba masa a kofin silba, ina goye da Auta wadda ba ta wuce wata huɗu ba a lokacin. Ya miƙa hannu zai karɓa, kofin ya suɓuce, koko ya malale a tabarma. Har na buɗe baki zan yi faɗa sai na ga bakinsa ya karkace, miyau yana dalala, yana son ya ce "Umma" harshe ya ƙi. Hannunsa na dama ya saki kamar tsumma.

Mun san yana da sikila tun yana goye, abin da iyayenmu ke kira amosanin jini. Mun saba da kumburin hannu da ƙafa, da idanu su yi ruwan ɗorawa, da ciwon ƙashin da ke sa yaro birgima a ƙasa, da yawon neman ledar jini da tsakar dare. Abin da ba mu sani ba shi ne sikila tana shanye ɓarin jiki. A wurinmu wannan ciwon tsofaffi ne masu hawan jini. Shi ya sa aka kwana biyu ana tofi da hayaƙi, maƙwabta na cewa ya yi gamo, kafin mu kai shi asibiti. Ya rayu, alhamdulillahi. An yi watanni ana kai shi gashi, ƙafar ta dawo yana jan ta, hannun bai dawo ba. Karatun da yake kan gaba a ajinsu ya tsaya cak, sai daga baya ya soma kamawa kaɗan-kaɗan.

Ni AS ce, maigidana Malam ma AS ne. Da aka ɗaura mana aure a 2001 babu mai maganar gwajin jini. Sai a 2024 jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure. Kowane ciki na ɗauka, kashi ɗaya cikin huɗu ne abin da zan haifa ya zo da SS. Biyu na tsakiya sun kuɓuta. Auta ba ta kuɓuta ba. Tun ranar da aka miƙo mini takardar gwajinta nake ƙirga shekarunta da tsoro, kuma duk safiyar da zan ba ta kofi sai na tsaya na ga ta riƙe shi da kyau kafin na juya.

A 2017, shekarar da ta cika bakwai, muna zaune a layin masu sikila a Asibitin Murtala sai wata sista ta fito ta ce duk mai yaro ɗan shekara 5 zuwa 12 ya tsaya bayan ganin likita, za a duba jijiyoyin kansa kyauta. Na ɗauka hoton ƙwaƙwalwa ne irin wanda ake biyan kuɗi masu yawa. Ashe wata 'yar na'ura ce a kan tebur, da allo kamar na kwamfuta, suna kiranta TCD. Aka kwantar da Auta rigingine, aka ce kada ta yi barci, kada kuma ta yi magana. Mai aikin ya shafa mata wani mai mai sanyi a gefen kai, tsakanin ido da kunne, ya ɗora kan na'urar yana karkata shi a hankali kamar mai neman tashar rediyo. Can sai ɗakin ya ɗauka: shuu, shuu, shuu, bi da bi. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, jinin 'yarki ne kike ji yana gudu zuwa ƙwaƙwalwa." Shekara bakwai ina fargabar abin da ke faruwa a cikin wannan ɗan kan, sai ga shi yau ina ji da kunnena. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba.

Ya jima a gefen hagu. Ya rubuta lamba, ya sake aunawa, ya ce mu dawo a maimaita. Da aka maimaita, likita ya kira ni ofis. Ya yi mini misali da tiyo: in kina ban ruwa kika danne bakinsa da yatsa, ruwan zai fito da ƙarfi saboda hanya ta matse. Haka jijiyar kai take. Ƙwayar jinin mai sikila, in iskar da take ɗauke da ita ta yi ƙasa, sai ta lanƙwashe kamar lauje ta yi tauri. Ba ta kuma daɗewa, kwana 10 zuwa 20 ta mutu, alhali ta mai lafiya tana kai wa kwana 120. Ga ƙarancin jini, ga gogar da bangon jijiya ke sha, sai manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwa su dinga tsukewa, jini ya ƙara gudu. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa ɗaya, yaro ya shiga haɗari: cikin irin waɗannan yara, kusan ɗaya cikin goma ɓarin jikinsa kan shanye a kowace shekara in ba a yi komai ba. Na Auta ya haura 200.

Na tambaye shi tun yaushe aka san wannan. Ya ce tun 1998 wani bincike a Amurka ya nuna cewa in aka gano irin waɗannan yara da wannan na'ura, aka riƙa yi musu ƙarin jini duk wata, haɗarin yana raguwa da kusan kashi 90 cikin 100. Na yi lissafi a zuciyata. Shekara biyar kafin a haifi ɗana ke nan. Wannan lissafin har gobe yana ci mini rai, kuma ba na jin zai daina.

Sai dai ƙarin jini duk wata, shekara da shekaru, ba abin da gida irin namu zai iya ba ne. Wa zai ba da jinin? Mun san yadda ake fama kafin a sami leda ɗaya ranar da rai ke hannun Allah, balle goma sha biyu a shekara. Ga kuma ƙarfen da ke taruwa a jiki saboda yawan ƙarin jini, wanda shi ma maganin fitar da shi tsada gare shi. Don haka, in ji likita, likitocin Kano da Kaduna tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suna gwada wata hanya: kafso da ake sha sau ɗaya a rana, haidroksiyuriya. Yana sa jiki ya koma ƙera irin jinin da jariri ke zuwa da shi daga ciki, wanda ke hana ƙwayar lanƙwashewa. Maganin ba sabo ba ne, an daɗe ana ba masu sikila. Abin da ake son a gano shi ne adadin da ya isa: miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyin yaro, ko 20.

Nan ya faɗi maganar da ta tsaya mini. Ya ce, "Ni kaina ban san wanne ya fi ba. Da na sani, da ba a yi binciken ba." Ya ce ƙuri'a ce za ta zaɓa wa Auta, kwamfuta ce za ta jefa, kuma daga ni har shi babu wanda zai san ɓangaren da ta faɗa sai an gama, don kada son rai ya shiga lissafi. Kowane ɓangare magani na gaske zai sha. Ya lissafa mini illolin: yana iya rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, shi ya sa dole a riƙa ɗibar jininta ana dubawa. Ya ce in na ƙi, katinta yana nan, za a ci gaba da duba ta kamar kullum. In na yarda kuma daga baya na fasa, ba mai riƙe ni. Aka karanta mini takardar da Hausa, aka ba ni na tafi da ita gida.

A gida ne aka yi ta. Malam ya karanta ya yi shiru. Hajiya, mahaifiyarsa, tana jin kalmar gwaji ta ajiye carbi. "Da jikar tawa za a yi gwaji? Kun manta shekarar sanƙarau?"

Ba wanda ya manta. Duk wanda ya yi wayo a Kano ya san 1996, shekarar da sanƙarau ya kashe dubban mutane a Arewa, kuma kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa. Yara 200 ne, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ne ba. Kamfanin ya ce ya nemi izini da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa mutane suka juya wa allurar shan inna baya a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ni ban taɓa ganin tsoron Hajiya a matsayin jahilci ba. Tsoro ne mai dalili.

Ban yi mata musu ba. Na ce, "Hajiya, ki zo mu je tare, ki tambaye su da bakinki." Ta sa mayafi muka hau adaidaita sahu mu uku. Ta zauna gaban likitan da bai kai ɗanta shekaru ba, ta jero masa tambayoyi. Wa ya ba ku izini? Ya ce akwai kwamitin da ya duba tsarin kafin a soma, akwai kuma wasu masana na daban da ke bin sakamakon, suna da ikon tsayar da aikin in sun ga cutarwa. In ta kwanta ciwo da dare fa? Ya nuna mata lambar wayar da ke jikin takardar. Sai ta ce, "Ɗan nan, tsakaninka da Allah, in 'yarka ce za ka ba ta?" Ya ce zai ba ta. Ta daɗe tana kallonsa. Da muka fito ba ta ce ta yarda ba, cewa ta yi da Malam, "Wannan dai ya tambaye mu." Washegari ya sa hannu, ni ma na sa. Ita Auta ma sai da sista ta durƙusa ta yi mata bayani daidai hankalinta.

Daga nan sai zirga-zirga. Duk wata mu je, a ɗora ta a sikeli, a ɗebi jini, a ƙirga kafson da ya rage a kwalba don a san ko ta tsallake, a sa ta ɗaga hannuwa, ta yi murmushi, ta taka a kan layi. Bayan sallar isha'i take sha, kuma yayanta ne ya ɗauki nauyin tuna mata. Da hannun hagu yake buɗe kwalbar, ya danne ta da gwiwa. A benci na saba da wasu iyaye mata, daga cikin gari da ƙauyukan kewaye, har muka san yaran juna. Wata rana aka ce ɗan ɗaya daga cikinmu ya faɗi duk da maganin. Ranar ba wadda ta iya hira. Tun farko an gaya mana maganin rage haɗari yake yi, ba ya kawar da shi, amma jin abu a takarda daban, ganin uwa ta shigo da yaro a kafaɗa daban. Na koma gida na kasa cin abinci, da dare kuma na tsaya a kan Auta har ta haɗiye nata.

Bayan wasu watanni aka sake ɗora mata na'urar. Kunnena bai iya bambance ƙarar da ta farko ba, amma lambar ta sauka ƙasa da 200.

Binciken, wanda suka sa wa suna SPRING, ya ɗauki yara 220 a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da Asibitin Barau Dikko na Kaduna. An tsayar da shi kafin wa'adinsa, saboda masu sa ido sun ga ko an ci gaba ba za a sami bambanci tsakanin ɓangarorin biyu ba. A farkon 2022 aka buga sakamakon a mujallar Lancet Haematology, sunan Dakta Shehu Abdullahi na Kano a gaba, tare da su Dakta Najibah Galadanci da Farfesa Michael DeBaun. Cikin yara 109 da suka sha ƙaramin adadi, 3 ne ɓarin jikinsu ya shanye; cikin 111 da suka sha matsakaici, 5. Duka biyun sun yi ƙasa ƙwarai da abin da aka sani yana faruwa in ba magani. Masu matsakaicin sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Ga uwa irina ma'anar a fili take: ko ƙaramin adadin, wanda aljihun talaka ya fi iya ɗauka, yana kare ƙwaƙwalwar yaro.

Yara takwas ɗin nan ba na iya karanta su a matsayin lamba, don na san fuskar ɗaya daga cikinsu. Kuma ina jin haushin cewa har yanzu akwai garuruwa da yawa a Arewa da yaro mai sikila zai girma ba a taɓa ɗora masa wannan na'ura ba, a ƙasar da ake ƙiyasin ana haifar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya.

Hajiya ta rasu kafin a buga sakamakon, Allah ya jiƙanta. Auta tana sakandare yanzu, tana shan maganinta, takan yi ciwon ƙashi lokacin sanyi amma da ƙafarta take zuwa asibiti. Kwanakin baya wata maƙwabciyarmu ta shigo da ɗanta ɗan shekara biyar, idanunsa ruwan ɗorawa, tana tambaya ko gaskiya ne akwai abin da ake sa wa yaro a kai a ji jininsa, kuma ko da zafi. Kafin na amsa, babban nawa da ke zaune a bakin ƙofa ya ce, "Ba zafi, Inna. Ki kai shi gobe." Na ce mata ta shirya da wuri, zan raka ta, don layin yana cika tun kafin ƙarfe takwas.