Inda Ake Kwance Wa Karnuka Igiya



Mu da muka tashi a unguwannin da in an ce "ga kare!" kowane yaro ke faɗawa zaure mafi kusa, da wuya mu yarda akwai filin da ake sakin karnuka da gangan, mutane kuma su je shan iska a tsakiyarsu. Irin wannan fili muka ziyarta a Runyon Canyon, wani tsauni mai faɗin eka 160 a gefen Hollywood, cikin birnin Los Angeles na Amurka.

Hanyar hawa ce mai ƙura, ga birni shimfiɗe a ƙasa. Da an wuce allon da ya ba da izini, sai ka ga masu karnuka suna kwance musu igiya. Wani ƙato ya nufo mu a guje, muka daskare. Uwargijiyarsa ta kira sunansa sau ɗaya, ya juya kamar an ja shi. Muna kallo wani dattijo ya duƙa da leda ya kwashe kashin nasa karen.

Sai muka lura cewa kafin a saki karen, an riga an ɗaure mai shi. Dokar birnin ta wajabta wa duk karen da ya kai wata huɗu rajista da allurar rigakafin ciwon haukar kare. Da irin wannan dagewa ne Amurka ta sanar a 2007 cewa ta kawar da nau'in cutar da ke yawo tsakanin karnuka.

Tsoronmu kuwa yana da dalili, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. An ƙiyasta cutar tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, yara da yawa a ciki. Da zarar alamunta sun bayyana, kusan babu mai tashi. Amma masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, yaɗuwarta na tsayawa.

Saboda haka mai karen gadi ko na farauta, a daure a kai shi wurin likitan dabbobi. In kuma kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya jiran gani.

Allah Ya tsare mana ƙannenmu.