Akwatin Tutar Tsohon Soja a Amurka

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan wani aikin kafinta na mutanen Amurka. Ni akawu ne, amma na riƙe zarto a makaranta, shi ya sa abin ya shiga raina.

A can, idan tsohon soja ya rasu, muddin ya bar aiki da mutunci, gwamnati takan ba da tutar ƙasa kyauta a lulluɓe akwatin gawarsa. Tun daga shekarar 2000 doka ta ce in iyali sun nema, sai an aiko da soja aƙalla biyu cikin kayan sarki, a busa begila, su naɗe tutar su miƙa wa matarsa ko ɗansa. Tutar kuwa babba ce, faɗinta ƙafa 5, tsawonta ƙafa 9 da rabi. Ninki 13 ake yi mata, har ta koma mai kusurwa uku, jajaye da fararen layukan duk sun ɓuya, sai shuɗin wurin nan mai taurari kaɗai ke waje.

To, ga inda kafinta ya shigo. Tuta ɗaya tak ake ba kowane mamaci. In ta ɓata, ko aka sace, ko asu ya ci, hukuma ba ta ba da wata. Ba a kuwa yi ta don a kafa a waje ba, gama auduga ce, rana da ruwa za su kashe ta. Saboda haka sai a yi mata akwati daidai siffarta, a sa gilashi a gaba, bayan kuwa a yi shi na cirewa. Gindinsa yakan kai wajen inci 25, tsayinsa rabin haka.

Mai kallo zai ce ai katako uku ne kurum. Ba haka ba ne, jama'a. Kusurwar sama mai sauƙi ce, digiri 90, a yanka kowane gefe a kan 45. Na ƙasa biyun ne ke fid da gwani, don kowace 45 ce, watau sai an yanka bakin kowane katako a kan 22 da rabi, ya yi tsini kamar bakin wuƙa. In aka kuskure digiri guda, haɗin zai buɗe baki, ƙura da ƙwari su sami hanya. Waɗansu kafintoci kan guje wa wannan, su ɗora gefunan biyu bisa gindi kawai, ni kuwa ban ga aibinsu ba, in dai haɗin ya rufe. Aibi shi ne ɗanyen katako, wanda zai tanƙware bayan shekara guda, da kuma yawan zane da ƙyalƙyali har ido ya manta da tutar. Abin da na fi so a ciki shi ne ɗan allon ƙarfe da akan manna mai sunan sojan da shekarunsa. Waɗansu iyalai har sukan ajiye kwanson harsashi uku na bindigogin da aka buga a jana'iza.

Ban ce mu ari wannan al'ada ta tuta ba. Amma kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82, waɗanda suka yi yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945, sun komo da lambobin yaƙi da takardun sallama. Na ga waɗansu a ƙasan adaka, lamba ta dushe, gara ta ci rabin takarda, jikoki ba su san ko mene ne ba. Maɗaci busasshe da ɗan gilashi sun isa. Ina roƙon malaman makaranta da ke karanta wannan su tambayi yaransu ko akwai irin waɗannan a gidajensu, su kuma gaya wa kafintan unguwa.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu